Abbanta Ya Kulle Littattafanta a Akwati

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari. Ni matar aure ce a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, 'ya'yana huɗu. Damuwata a kan babbar ce, shekararta tara, tana aji huɗu na firamare. Yarinyar nan Allah ya ɗora mata son karatu, ba na makaranta ba, na labarai. Ko ƙosai aka sayo a takarda sai ta juye shi a kwano, ta miƙe takardar ta karanta. Kuɗin tararta take tarawa ta sayi tsofaffin littattafai. Da dare sai ta shige bargo da 'yar tocila, wani lokaci har sha ɗaya da rabi. Wasa da yara bai dame ta ba. Zangon da ya wuce ta zo ta 14, alhali da ba ta wuce ta uku. Lissafi ta ci 35, kimiyya 48, sauran darussa duk ta haura 70. Malamin Islamiyya ma ya aiko cewa haddarta ta ja baya. Ana cikin haka Abbanta ya same ta da wayar ƙanwarshi tana karanta irin labaran nan na manya da ake turawa a WhatsApp. Ranar ya tattara littattafanta kaf ya kulle a akwati, ya ce sai ta gama firamare, kuma zai ɗauko mai lesin da dare. Hajiya surukata ta goya mashi baya, ta ce dama yawan karatu na zautar da yaro, yana kashe ido, gara ta koyi girki. Yau sati uku ke nan yarinya ta yi sanyi, abinci ma sai an matsa mata. Ni tausayinta nake ji amma ina jin nauyin nunawa, kin san sha'anin 'yar fari, ga shi ba na son saɓa wa maigida. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya maki su, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Bari in fara da inda Abbanta yake da gaskiya, kada ki ɗauka duka laifin zan ɗora mashi. A maganar waya bai yi kuskure ba. Labaran nan da ake yawo da su a WhatsApp da Facebook ba wanda ya tace su, wasunsu babba mai aure ma kan karanta kunya ta kama shi. Uban da ya leƙa ya ga ɗiyarshi 'yar shekara tara a kan irin wannan rubutu, in ranshi bai ɓaci ba shi ne abin tuhuma. A toshe wannan hanyar, a yi wa ƙanwar tashi magana cikin mutunci ta sa wa wayarta makulli, ta daina yar da ita inda yara suke. Sai dai ki duba yadda abin ya faru. Yarinya ba batsa ta je nema ba, ba ta ma san da ita ba. Rubutu ta gani, ita kuwa duk inda ta ga rubutu ba ta iya ɗauke ido, yadda take yi da takardar ƙosai. In aka kulle mata littattafan da kuka san abin da ke cikinsu, ba daina karatu za ta yi ba. Za ta koma nema a ɓoye, a jakar ƙawa, a ɗakin maƙwabciya, a wayar wani, kuma wannan karon ba za ta bari ku gani ba.

Yanzu ɗauko katin sakamakon nan ki shimfiɗa shi a gabanki, ki ɗora yatsa a kan "ta 14" ɗin da aka rubuta a ƙasa ki rufe shi. Mu iyaye nan kaɗai idonmu ke zuwa. Matsayi a aji jimillar maki ce ake tarawa, kuma yaran da ke sama tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, don haka darasi ɗaya in ya faɗi warwas ya isa ya jefo yaro daga na uku zuwa na sha wani abu. Ke da kanki kin ce sauran darussa ta haura 70. Da littattafan labari ne suka cinye mata ƙwaƙwalwa, da tare za su zube. Biyu ne kawai suka faɗi. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fara zo mani a rai shi ne ido. Lissafi darasin allo ne: malam yana rubutawa yana gogewa, wanda bai gani ba a lokacin ya wuce shi. Na sha ganin haka lokacin da nake riƙe da alli. Yarinya a bencin baya, ta ƙanƙance ido, ta karkata kai, can sai ta haƙura da allon ta koma leƙen littafin ta kusa da ita. In waccan ta kwafi 3 a inda malam ya rubuta 8, ita ma haka za ta kwafa. Malam ya hango ta tana leƙe, ya ce satar amsa take, ya zuba mata bulala. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san sauran yara tangaran suke ganin allon ba, ta ɗauka kowa dishi-dishi yake gani, to ƙarar me za ta kawo gida? Irin waɗannan yara abin da ke kusa sarai suke ganinshi, shi ya sa littafi kan fi masu daɗi a kan guje-guje a waje. Ki gwada ta yau ɗin nan. Ki tsayar da ita kamar mita shida daga kalandar da ke bango, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta karanta maki lambobin, sannan ta sauya ido. Ki sa ƙanenta ya tsaya daidai wurin ya karanta. In kin ga bambanci, ko tana yawan kukan ciwon kai da yamma, ko tana manna littafi a hanci, ku kai ta asibitin ido a auna ta. Ko gwajin gida bai nuna komai ba, auna idon ɗan makaranta ba asara ba ce. Kada a sayo mata gilashi a kasuwa, kada kuma a ɗiga mata wani abu da sunan wanke ido.

A nan Hajiya tana da rabin gaskiya, kuma ki ba ta abinta. Karatu ba ya zautar da kowa, wannan kam babu shi. Karatu a duhu ba ya makantarwa, amma yana gajiyar da ido ya kawo ciwon kai. Kuma likitocin ido sun tabbatar cewa yaron da ke yini a ɗaki yana kallon abu kurkusa, ba ya fita hasken rana, ya fi saurin samun raunin hangen nesa. Abin da suke ba da shawara shi ne yaro ya samu kamar awa biyu a waje kowace rana. Tocilar cikin bargo dai ta tafi ke nan, ko da an buɗe akwati.

Na biyu, kuma shi na fi zargi, barci. Zo mu ƙirga yinin yarinyar nan tare, don na san yadda yake a yawancin gidajenmu. Biyar da rabi an tashe ta sallar asuba. Shara, wanka, ta taya ki shirya ƙanne, bakwai da 'yan mintoci ta fita. Ba za ta dawo ba sai wajen ƙarfe biyu, cikin ranar nan ta Katsina. Ta ci abinci, ta wanke kwanuka, kafin ta miƙe ƙafa an ce a sa hijabi a ɗauki jakar Islamiyya. Ta dawo dab da magariba. Tsakanin magariba da isha'i tilawa, bayan isha'i aikin gida da malaman boko suka bayar. Sai goma ta yi gida ya yi tsit, a lokacin ne karon farko tun safe da babu wanda ke kiran sunanta. Nan take ɗauko littafi. Kuma ki lura da wani abu da ba mu cika kula da shi ba: boko tana hutu Asabar da Lahadi, makarantun allo da yawancin Islamiyyu kuwa Alhamis da Juma'a suke hutawa, masu tahfiz ma safiyar Asabar da Lahadi suka fi kamawa. In kin haɗa su, sai ki tarar a duk mako babu rana ɗaya cikakkiya da yaron nan yake da ita tashi. Babba ma'aikaci bai yarda da haka ba.

Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a cikin kowace awa 24. Ɗiyarki in ta kwanta sha ɗaya da rabi ta tashi biyar da rabi, awa 6 ta samu. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take daidaita abin da aka koya da rana ta ajiye shi, don haka abubuwa biyu da rashin barci ke fara taɓawa su ne waɗanda ke son natsuwa da riƙewa, wato lissafi da hadda. Su ne kuwa aka kawo maki ƙara a kansu. Ba abin da ke cikin littafi ne ya cutar da ita ba, lokacin da take karanta shi ne, kuma ba ita ta zaɓi lokacin ba, shi kaɗai aka bar mata. Mai tashi biyar da rabi ya kamata takwas da rabi ta same shi a shimfiɗa. Na san a gidan yawa wannan da wuya, amma ko tara aka samu, aka haɗa da ƙailular rabin awa bayan azahar, za ki ga canji cikin sati biyu.

Shi ya sa ban goyi bayan mai lesin da dare ba ko kaɗan. Za ku biya kuɗi, ya zo ya tarar da yarinya tana gyangyaɗi, ya maimaita mata dukan darussa har waɗanda ta riga ta iya, ya tafi. Abin da take buƙata ya fi haka sauƙi. Aji huɗu shi ne inda lissafi ke sauya fuska: ninkawa da lambobi biyu, doguwar rabawa, rabi da kwata da sulusi. Duka a kan jadawalin sau suke tsaye. Ki tambaye ta bakwai sau takwas tana tsaka da wani abu. In ta amsa nan take, to matsalar tana wani wuri. In ta tsaya tana ƙirga yatsu ko tana jan layuka a ƙasa, kin gano ramin. Minti 15 kullum, ba fashi, ya fi awa biyu ranar Asabar. Ba sai an zauna da biro ba. Ki ba ta naira 1,000 ta sayo abu na 350 guda biyu, ki ce ta faɗa maki canjin kafin ta sa takalmi. Ki zuba ƙosai 24 ki ce ta raba wa mutum shida. In kina awo, ki tambaye ta rabin mudu nawa ke cikin mudu uku. Tun da labari ne ke shiga ranta, ki sa ta riƙa ƙirƙiro wa ƙannenta tambayar lissafi a cikin labari, Gizo ya ci bashin kaza, Ƙoƙi ta biya kaza, saura nawa. Wanda zai shirya tambaya dole ya san amsarta.

Ki kuma sa mayafi ki je makarantar da kanki, ba ranar taron iyaye da malamai ba, ranar da babu cunkoso. Ki gaida malamar aji, ki tambaye ta ina yarinya take zama, yaushe ta fara ganin ta ja baya, an sauya malamin lissafi ne. Ki roƙi a dawo da ita gaba. Kada ki je da faɗa. Malami in ya ga uwa ta tako don ɗanta, ba ya sake kallon yaron kamar da.

Game da hadda, barci zai gyara mafi yawanta. Ƙari a kai, ki nemo mata littattafan tarihin Annabawa da Sahabbai na yara. Yarinyar da ta san labarin Abrahata da giwayenshi ba za ta riƙe Suratul Fil kamar wadda ke rera sauti kawai ba, haka wadda ta san labarin Annabi Yusuf ko na samarin kogo. Abin da nake gargaɗinki a kai ɗaya ne: kada a riƙa ce mata "ba littafi sai kin kawo hadda" cikin tsawa. In aka yi haka kullum, a zuciyarta Alƙur'ani zai zama abin da ke tare mata hanyar jin daɗi, kuma ba wannan muke so ba. A ba kowanne lokacinshi. Hadda bayan asuba lokacin da kai ke sake, labari da rana ko yammacin Alhamis da Juma'a.

To, yanzu maganar maigida, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Namiji ya yanke hukunci a gaban mahaifiyarshi da 'ya'yanshi, ki zo ki ce ya janye, kin san ba za a kwashe lafiya ba. Kada ki nemi ya janye. Ki bar akwatin a hannunshi, makullin ma a aljihunshi. Ki sami lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki fara da godiya a kan abin wayar, ki ce da ba don idonshi ba da ba ku san inda abin zai kai ba. Sannan ki kawo katin sakamakon ki nuna mashi makin ɗaya bayan ɗaya, ki kawo maganar ido da ta barci. Daga nan ki ce, "Abbansu, ni tsorona kada ta koma karɓa a waje inda ba mu gani. Me zai hana kai ka riƙa ba ta da hannunka? Duk Alhamis ka zaɓi guda ɗaya wanda ka duba ka yarda da shi, ta karanta da rana, in ta dawo da shi ta ba ka labarin abin da ke ciki kafin ka ba ta wani. Mu gwada zango ɗaya mu gani." Kin ga bai karya maganarshi ba, girmanshi na nan, ikon ma ƙaruwa ya yi. Kuma ina gaya maki, uban da ya zauna sau biyu sau uku ɗiyarshi tana zayyana mashi labari da bakinta, tana kwaikwayon muryar sarki da ta waziri, shi da kanshi zai fara tsayawa wajen masu littattafai in ya shiga kasuwa.

In ya ce labari ai shirme ne, ki tuna mashi garin da yake zaune. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda gininta yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan Abubakar Imam ya yi karatu, kuma yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga gasar rubutun 1933 da Ruwan Bagaja. Bayan nan ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Yayanshi Malam Bello Kagara ma a gasar nan ya fito da Ganɗoki, kuma bai hana shi zama malamin addini da alƙali ba. Tun kafin zuwan boko, garin nan ne na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 da suka rayu da alƙalami. Yarinyar da aka haifa a cikin ganuwar nan ta taso tana bin takarda ba baƙon abu ta ɗauko ba. Littattafan da na ambata har yau ana samunsu a shagunan littattafai, akwai kuma na tatsuniyoyi da aka tsara don 'yan firamare. Ku haɗa mata da ƙananan littattafan labari na Turanci masu hotuna, domin jarrabawar shiga sakandare da Turanci za ta zo, tambayoyin lissafinta ma sai an fahimci Turancin kafin a san abin da ake nema. Yaron da ya iya karatun Hausa da kyau ba ya shan wahalar ɗaukar na Turanci. Ranar da kuka sami sarari ku leƙa ɗakin karatu na jiha ku tambayi abin da suke da shi na yara, tun da aljihu ba zai iya da mai cinye littafi a kwana biyu ba. In an yi hutu Abbansu ya kai su su ga hasumiyar Gobarau da gidan tarihin, in da hali har Daura su leƙa rijiyar Kusugu. Ta ga da idonta cewa abin da ke cikin takarda yana da wuri a ƙasa.

Hajiya kuwa kada ki yi gardama da ita, ba za ki ci ba, kuma ba huruminki ba ne. Jawo ta ciki za ki yi. Duk tsohuwar da ta ce karatun labari banza ne, ki bincika, cikinta cike yake da tatsuniya. Ki saya wa yarinya sabon littafin rubutu mai bango mai kauri, ki ce ta je wajen kakarta bayan magariba ranar Alhamis ta ce, "Hajiya, so nake in rubuta tatsuniyoyinki kada su ɓace." Za ta fara da korarta, ta ce kishiya ta zo ta dame ta, ita ta manta. Ku ƙyale ta. Minti biyar ba za a yi ba za ki ji "Ga ta nan, ga ta nanku," ƙanne sun taru suna "Ta zo mu ji ta." Washegari yarinya ta zo ta karanta mata abin da ta rubuta. Nan za ki sha kallo: Hajiya za ta katse ta, ta ce ba haka na faɗa ba, ai kura ce ta fara magana ba dila ba, gyara. Daga ranar ta zama mai duba aiki. A haɗa da kacici-kacici, da waƙoƙin gaɗa na zamaninsu, da labarin yadda unguwarku take kafin a yi kwalta. Yarinya ta sami rubutu, ta sami Hausa mai nauyi wadda babu ita a littafin makaranta, tsohuwa kuma ta sami mai saurarenta. Girki kuwa a koya mata mana, wa ya hana? Shekara tara ta isa gyaran wake da kaɗa miya. Kawai kada a miƙa mata muciya a matsayin horo.

Wasa ma a nema mata, amma ba da tsiya ba. Wani yaro haka Allah ya yi shi, ƙawa ɗaya ko biyu sun ishe shi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ba sai ta zama shugabar gaɗa ba. Ki gayyato 'yar maƙwabta guda da hankalinki ya kwanta da ita, su yi carafke, tsallen igiya ko 'yar tsana a tsakar gida inda rana ke sauka. In ta ga dama ta tara ƙanne ta raba masu matsayi su yi wasan kwaikwayon labarin da ta karanta, ki bar su ko da sun ɓata maki zannuwa.

Saura ke. Kin ce kina jin nauyi saboda 'yar fari ce, har a wasiƙarki "babbar" kika ce. Na san wannan, da shi aka raine mu. Amma alkunya a gaban mutane ake yin ta. Ba ta hana ki, in kuna ku biyu, ki ce "zo ki karanta mani ina tsintar shinkafa," ko ki miƙa mata littafi ta riƙe tana karantawa kina yi mata kitso. Ba sai kin yabe ta da baki ba in ya yi maki nauyi. Ki tambaye ta, "To daga nan sai me ya faru?" Ya isa. A sati ukun nan abin da yarinyar nan ta fahimta shi ne abin da ta fi so a duniya laifi ne, kuma duk gidan an haɗe mata kai. Ba ta san kina tausayinta ba, tun da ba ki nuna ba. Ki kuma zaunar da ita ki yi mata bayanin abin wayar a hankali, cewa akwai rubutun da ba na yara ba ne, in ta ci karo da abin da ba ta gane ba ko ya ba ta tsoro ta kawo maki, ba za a doke ta ba. Ki tambaye ta me ta karanta a ciki, ki saurara ba tare da kin zaro ido ba.

Rashin cin abincin nan ina sa ran zai wuce da zarar littafi na farko ya fito daga akwati. In bai wuce ba bayan sati biyu, ko kika ga tana ramewa, ko ta fara fitsarin kwance, ko kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta je makaranta, to akwai wani abu bayan littattafai. Wataƙila duka ne a aji, ko tsangwamar yara, ko zazzaɓi da ƙarancin jini. A wannan hali ku kai ta wajen likitan yara, ki kuma koma makarantar ki bincika da kyau. Ki sake rubuto mani bayan an auna idon, ki haɗo da makin lissafin gwajin farko na zangon nan.